Kafin a ce tsautsayi ne: abin da ya kamata ku sani game da kare kai a garaji, shagon walda da ɗakin awo

Duk wanda ya san Junju, garin da takardun hukuma ke rubuta wa Dioundiou, ya san cewa a kan ƙananan injuna neman abincin wannan yanki yake tafiya. Injin ban-ruwa ne ke shayar da rake da lambuna a fadamar Dallol Mawri. Baburan kabu-kabu ne ke haɗa ƙauyukan Karakara da Zabori da kasuwanni, har tsallaken iyaka wajen Kangiwa da Kamba a jihar Kebbi. Injin niƙa ya ɗauke wa mata rabin wahalar turmi. In aka gangara Gaya kuwa, bakin gadar da ta haɗa Nijar da Malanbil ta ƙasar Benin, garin da manyan motocin dakon kaya suka daɗe da mayarwa zango, sai a tarar da garaji bayan garaji. Kowane inji yana da mai gyaransa: bakanike, mai walda, mai faci, mai cajin batir. Kowane mai gyara kuma yana da yara biyu, uku, wani har goma, waɗanda iyayensu suka kawo da hannunsu suka ce, "Ga amana nan, Malam, a koya masa abin da zai riƙe kansa."

A irin waɗannan rumfuna ake rasa ido da yatsa, wani lokaci har da rai. In abin ya auku, magana ɗaya ake ji a bakin kowa: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Maganar tana sanyaya zuciyar wanda abin ya shafa, kuma babu mai jayayya da ƙaddara. Amma wanda ya zauna ya bi diddigin raunukan da ake samu a shaguna zai tarar abu ɗaya ake ta gani: tankin da aka kai wa wuta yana ɗauke da tururin mai, injin yankan ƙarfe da aka cire wa murfi, motar da aka ɗora a kan jak kaɗai aka shiga ƙarƙashinta. Abin da ke aukuwa ta hanya ɗaya yau da gobe, a Junju da Gaya da Dosso da Kano, yana da sanadi, kuma mutane ne ke da ikon kawar da sanadin.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa kowace shekara a sanadin aikinsu, wasu miliyan 395 kuma suna jin rauni. Mafi yawan mamatan ba haɗari ne ya kashe su nan take ba. Cuta ce da aikin ya dasa musu sannu a hankali, ta huhu, ta zuciya ko ciwon daji. Wannan shi ne ɓangaren da ba mu cika lura da shi ba, domin jini ake gani a firgita, ba a ganin hayaƙin da mutum ya shekara ashirin yana shaƙa.

Masana wannan fanni suna da wani tsari da ya kamata kowane mai shago ya haddace, don ya saɓa wa abin da aka saba zato. Da an ce kariya, sai hankali ya tafi kan safar hannu da tabarau da takalmi. To, su ne na ƙarshe. Abu na farko shi ne a kawar da haɗarin baki ɗaya: jarkar fetur ta bar shagon da ake walda. In ba zai kawu ba, a sa shamaki tsakaninsa da mutum, kamar murfi a kan bel ɗin inji. Daga nan a gyara yadda ake aikin, a san wanda ke kunna inji da wanda aka hana taɓa shi. Sannan a zo kan kayan sawa. Dalilin a fili yake: tabarau sai an tuna an sa, safa takan yage ko ta ɓace, amma jarkar da ba ta cikin shago ba za ta kama wuta a cikinsa ba ko da kowa ya yi mantuwa. Mai ƙaramin ƙarfi ya kwantar da hankalinsa, matakan farkon nan kusan ba sa cin ko dala.

Fetur

Babu abin da ya kai fetur haɗari a shagunan yankin iyaka, babu kuma abin da aka raina kamarsa, saboda sabo. Ruwa-ruwa a kwalabe da jarkoki yana bakin kowace hanya. Da shi ake wanke kayan inji, da shi ake wanke hannu, ana kuma zuƙo shi da baki ta tiyo. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne tururinsa ne ke kama wuta tun kafin ta isa ga ruwan. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake kwanciya, ya bi gangara, ya taru a rami ko lungu, ya tarar da garwashin mai shayi ko guntun taba can nesa da inda jarkar take, wuta kuma ta biyo sawunsa a guje har ta iso inda ya fito.

Mun ga abin da wannan tururi ke yi. A daren 5 ga Mayu 2019, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, jama'a suka taru ɗibar mai, ta kama wuta. Mutum 58 aka ƙirga da farko, adadin ya ƙaru a asibiti. Ranar 23 ga Satumba 2023, wani rumbun ajiyar fetur ɗin sumoga ya ƙone a Seme-Krake, kan iyakar Benin da Najeriya, mutum fiye da 30 suka rasu. A watan Oktoba 2024, a Majiya ta jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka tafi a gobarar tanka guda. Waɗannan an ji labarinsu ne saboda yawan gawa. Ƙananan, na shago ɗaya da yaro ɗaya, ba sa kaiwa gidan rediyo.

Mai walda ya riƙe wannan da kyau: tankin babur ko duron da aka juye ya fi cikakke haɗari. Wanda ake cewa babu komai a cikinsa cike yake da tururi gauraye da iska, kuma ɗan man da ya rage a gindi, ko bai wuce cokali ba, ya isa ya tarwatsa duro. Ɗauraya da ruwan sanyi ba ta fitar da shi, domin man yana ɓuya cikin tsatsa da bakin ɗinkin ƙarfe. Mafi alheri mai walda ya ce ba ya yi, ko da kwastoman zai yi fushi. In ya zama dole, a wanke da ruwan zafi da omo sau da yawa, a buɗe kowace kafa, a cika shi da ruwa har dab da inda za a kai wa wuta, a kuma kori yara da 'yan kallo daga wurin.

Wanda mai ya sarƙe wajen zuƙo da tiyo, huhunsa ne abin tsoro. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin amai yana ƙara tura man cikin huhu. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Wanke hannu da fetur kullum shi ma ba ƙaramin abu ba ne: akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon dajin jini. Sabulu da ruwa sun wadatar.

In wutar fetur ta tashi, ruwa ba ya kashe ta. Man yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. Bokiti biyu na yashi a bakin ƙofa, da tukunyar kashe gobara mai hoda ga wanda ya samu hali, sun fi amfani. Lambar 'yan kwana-kwana a Nijar 18 ce, a kira su, amma kafin mota ta iso ƙauye rumfar zana ta gama ci.

Walda, da injunan da ke juyawa

Yaro ya wuni yana riƙe wa maigidansa ƙarfe. In wuta ta tashi ya kau da kai, can ya leƙo ya ga ko an gama. Da rana ba ya jin komai. Sai tsakar dare ya farka yana kuka, idanu jajur, hawaye na zuba, ya kasa buɗe su, yana cewa kamar an cika masa su da yashi. Hasken walda ne ya ƙona fatar idon, kuma zafin yakan bayyana ne bayan awa 6 zuwa 12. Yawanci yana lafawa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa manya ke cewa kowa da haka ya koya. Bai kamata a koya da haka ba. A 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon dajin huhu, haskenta kuma na ido.

Baƙin tabarau na kasuwa, wanda ake sawa don rana, ba ya tare wannan haske. Abin da ake bukata shi ne garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10 zuwa 13, kuma guda biyu: ɗaya ga mai walda, ɗaya ga mai riƙe masa. Shagon da ke bakin titi ya jingina tsohon kwanon rufi ya tare hasken daga masu wucewa, musamman yara, don su tsayawa suke yi su ƙura ido. Ƙarfe mai farin shafe, irin bututun ruwa, hayaƙinsa yana saukar da zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, har a zaci na cizon sauro ne. A yi aikinsa a fili, mutum ya tsaya ta inda iska za ta kaɗa hayaƙin gaba.

Masu waldar gas, waɗanda ke jiƙa kabayit a tukunyar da aka ƙera a gida, su sani wuta tana iya bin tiyo da baya ta koma cikin tukunyar. Tiyon da ya tsage a canza shi, ba a naɗe shi da roba ba. In ana zargin iska na fita, da ruwan sabulu ake dubawa a ga kumfa, ba da ashana ba. Tukunyar oksijin kuwa a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, ɗaure da sarƙa, kuma kada giris ko baƙin mai ya taɓa bakinta, domin maiko yana kamawa da kansa in ya haɗu da oksijin mai matsi.

Ƙaramin injin nan na yanka da goge ƙarfe yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya. Babban faifai, mai faɗin santimita 23, an yi shi ne don juyin da bai wuce wajen sau 6,600 ba. Amma sau nawa ake kwance murfin ƙaramin inji don babban faifai ya shiga, ko don a cinye ragowar wanda ya lalace? In ya fashe, gutsattsarinsa fuska da wuya suke nufa, murfin da zai tare su kuwa yana can cikin akwatin tarkace. A mayar da murfin. Faifan da ya faɗi ƙasa ko ya sha ruwa a jefar da shi.

Injin niƙa ya fi shafar mata da yara, don su ake aika. Bel ɗinsa a buɗe yake gudu, kuma ba ya bukatar fiye da gefen mayafi ko hijabi ko hannun babbar riga ya fizgi mutum. Katako huɗu da ragar waya sun isa a yi masa keji cikin yini ɗaya. Masu jiran niƙa su tsaya a waje. In tsaba ta toshe, a kashe injin tukuna kafin a sa hannu. Akwai kuma abin da zai ba wasu mamaki: kusa da duk abin da ke juyawa, safar hannu haɗari ce, domin in ya kama ta, da hannun zai tafi.

Ƙara ma tana da nata ɓarnar. Ma'aunin da aka amince da shi shi ne desibel 85 na tsawon awa 8, injin goge ƙarfe kuwa yana kai wa wajen 100. Ba sai da na'ura ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, ƙarar ta wuce kima. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, abin toshe kunne kuwa ba shi da tsada.

Bakanike kada ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi. A sa gungumen katako mai ƙwari, a datse tayoyi. Mai facin manyan motoci ya yi amfani da dogon tiyo, ya tsaya ta gefe sa'ad da yake ba taya iska, kada kuma a kai wa ƙarfen taya wutar walda alhali tayar na jikinsa, ko da an sace iskar.

Batir da dalma

Hasken rana ya shigo ƙauyuka, batura sun yawaita, masu caji da masu gyaransu ma haka. Batirin da ke kan caji yana fitar da iskar haidirojin, wadda ƙyastu ɗaya ke tayar da ita. A yi caji a inda iska ke ratsawa, a kashe na'urar kafin a cire maƙalan, ban da taba. Ruwan batir kuma asid ne mai cin fata da makantar da ido. Kada a taɓa zuba shi a kwalbar lemo ko ta ruwan sha, haka ma maganin ƙwari. Yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya.

Babbar masifar tana cikin batirin da ya mutu, in aka fasa shi don a narka dalmar. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu saboda ƙurar dalmar tsofaffin batura da ake sarrafawa a cikin unguwa. A Zamfara, a 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. A duka wuraren biyu manya ne ke aikin, yara ne suka mutu. Ƙurar dalma ba ta da wari. Tana bin tufafi da takalmi da gashi zuwa gida, ta sauka a ƙasan da jariri ke rarrafe, kuma abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro ba ya gyaruwa. Don haka kayan aiki su kwana a shago, a yi wanka kafin a ɗauki yaro, kada a ci abinci da hannun aiki, kada kuma a narka dalma a tsakar gida ko kusa da rijiya.

Ba dalma kaɗai ke kisa a ɓoye ba. Hayaƙin janareto da na injin ban-ruwa yana ɗauke da wata iska marar launi marar wari, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da kasala, ta kwantar da shi barcin da ba ya tashi. Ba a kunna janareto a ɗaki ko shago a rufe. Ba a zura inji mai shan fetur cikin rijiya alhali mutum na ciki. In mai haƙa ya faɗi a ƙasan rijiya, kada na sama ya yi tsalle ya bi shi, domin ta haka gawa ɗaya ke zama uku.

Sai batun da ba a son faɗa. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gajiya kaɗai ta isa ta sa hannu kuskure. Wanda ya ƙara da tramol don ya jure aiki ya kashe abin da ke gargaɗinsa cewa jiki ya gaza, ga shi kuma ƙwayar tana kawo farfaɗiya. Maigidan da ya ga alama a idon yaronsa ya hana shi taɓa inji a ranar.

Ɗakin awo

Ɗakin awon jini na asibitin gunduma ko na cibiyoyin lafiya da ake kira CSI yana da tsabta da shiru, amma haɗarinsa bai gaza na garaji ba. Da damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya cika layi, ma'aikaci ɗaya yakan wuni yana tsira wa mutane allura. Sau da yawa sukar kai da allura tana faruwa ne a daidai lokacin da ake ƙoƙarin mayar mata da murfi: hannu ɗaya riƙe da sirinji, ɗaya riƙe da ɗan murfin, wani ya yi magana, ido ya kauce, allura ta shiga yatsa. Ba a mayar da murfi. Daga hannu sai cikin kwalin nan na zuba allurai, wanda ake rufewa in ya kai kashi uku cikin huɗu, a kai shi a ƙone. Wanda aka jefar bayan katanga, mai shara ko yaro mai tsince-tsince ne zai taka.

Lissafin da likitoci suka sani shi ne, in allurar da ta taɓa jinin mai cuta ta soki mutum, yiwuwar kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki wajen 3 ne cikin 1,000, ta ciwon hanta nau'in C wajen 2 cikin 100, amma ta ciwon hanta nau'in B tana iya kai wa 30 cikin 100. Wannan na ƙarshen ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma shi ne ke da allurar rigakafi, sau uku ake yi. A ganina bai halatta a bar kowa ya taɓa jini ba, daga likita har mai goge daɓe da ɗalibin da ya zo koyon aiki, sai ya kammala ta. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada ya matse ko ya tsotse, ya sanar da shugabansa nan take. Akwai maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki da ake sha kwana 28. Gwargwadon saurin fara shi gwargwadon amfaninsa, bayan awa 72 kuwa lokaci ya ƙure. Kunya da tsoron faɗa ne ke sa wasu yin shiru har awannin su wuce.

Ƙwarewa ba ta tsare mutum. Zazzaɓin Lassa an gano shi ne a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. A farkon 1970, Dakta Jeanette Troup, likita 'yar Amurka a asibitin mishan na Jos, wadda ta san cutar fiye da kusan kowa a lokacin, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu. Cutar tana nan har yau a Najeriya da Benin, maƙwabtanmu na kusa. Don haka kowane jini da ya shigo ɗakin awo a ɗauke shi a matsayin mai cuta, ko na ɗan'uwa ne. Safar hannu, farar riga da ba ta zuwa gida, ba ci ba sha a wurin, kuma firjin ajiye samfur ba wurin sanyaya ruwa ko fura ba ne, duk tsananin zafi. Ba a zuƙo ruwan gwaji da baki. Majinar gwajin tarin fuka a waje ake karɓarta, a fili. Samfurin da za a tura Dosso ko cibiyar CERMES a Yamai a naɗe shi ninki uku, a rubuta abin da ke ciki.

Malaman kimiyya a makarantun sakandare su cusa wa ɗalibai ƙa'ida biyu tun ranar farko. Asid ake zubawa a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a cikin asid, don tafasa yake yi ya fantsama fuska. Ruwan Javel kuma ba a gauraya shi da asid ko wani ruwan wanki, domin yana fitar da iska mai ƙona huhu. Kwalbar da ba ta da suna a jiki, ba a sunsuna ta don a gane.

In abin ya riga ya faru

Minti goma na farko su ke raba ƙaramin rauni da babba, kuma a nan ne al'ada ta fi cutar da mu. Ƙuna ruwa take so, mai sanyi, mai tsabta, ana kwarara shi minti 20, sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, tawada, baƙin mai, duk datti suke ƙarawa. Asid ko siminti a ido, a buɗe idon a yi ta zuba ruwa minti 15 zuwa 20 kafin ma a nemi babur. Ɓarɓashin ƙarfe da ya kafe a ido ba a ciro shi da tsinken ashana ko harshe. A rufe idon a tafi asibiti a ranar, don tsatsa yake yi a ciki. Idon da walda ta ƙona ba ya bukatar ruwan albasa ko nonon mace. Yankan da ke zubar da jini a danne shi da ƙyalle mai tsabta a ɗaga hannun sama. Man birki da bakanikai ke zubawa a rauni guba ne, ba magani ba. Duk raunin ƙusa ko ƙarfe mai datti yana bukatar allurar cutar sarƙe haƙora. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a ƙyalle mai laima, a sa a leda, a ɗora ledar kan ƙanƙara, a tafi da shi. Wanda lantarki ya riƙe, a kashe wutar tukuna ko a ture shi da busasshen itace, kada a kama shi da hannu.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikatansa da koya musu haɗarin aikin. Ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da a matsayin ɗan koyo ne. Haɗarin aiki ana sanar da shi cikin awa 48, asusun CNSS kuma shi ke ɗaukar magani da diyyar ma'aikacin da aka yi wa rajista. Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 2009. Amma kowa ya san mai duba ayyuka ba zai leƙa kowace rumfa daga Zabori zuwa Gaya ba, kuma mafi yawan yaran shago ba su cikin kowane littafi. In yaro ya rasa ido, abin da yakan samu shi ne kuɗin magani na 'yan kwanaki da "Allah ya kiyaye gaba".

Saboda haka nauyin ya dawo kanmu. Ƙungiyoyin bakanikai da masu walda da 'yan kabu-kabu suna da shugabanni da ake jin maganarsu. Za su iya yanke cewa ba a walda tankin mai a cikin kasuwa, ba a buɗe injin niƙa sai da keji, su haɗa kuɗi su sayo garkuwar fuska da tukwanen kashe gobara a sari. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da asusun FAFPA su sa wannan darasi a gaban kowane darasi. Hukumomin gari su daina ba mai walda fili jikin mai sayar da fetur. Ranar 28 ga Afrilu ta kowace shekara, wadda duniya ta ware wa lafiyar ma'aikata tun 2003, ta isa a tara masu shaguna a kira ma'aikacin lafiya ya nuna musu taimakon farko da hannunsa.

Ku kuma iyaye, kafin ku damƙa ɗanku ga mai sana'a, ku je shagon da kanku ku zauna ko na awa ɗaya. Ku duba inda ake ajiye mai, ku ga ko injuna suna da murfi, ku tambaya ko akwai garkuwar fuska ta biyu. In babu, ku sayo ta ku kai tare da yaron, ku kuma faɗa wa maigidan a gabansa cewa da idonsa biyu da yatsunsa goma kuka kawo shi.